Yadda na raba tsohon amfilin Kawu gida biyu

Amfilin da nake kaɗa gita da shi, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautinta, ya girme ni nesa ba kusa ba. Fender Twin Reverb ne mai fuskar azurfa, irin wanda kamfanin Fender ya riƙa ƙerawa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya daga 1968, bayan da CBS ta saye shi a 1965. Kawuna ne ya sayo shi hannu na biyu a Duwala ta ƙasar Kamaru tun yana da ƙuruciya, ya hau jirgin ƙasa da shi zuwa Ngaundere, daga can ya ɗora shi a bayan babbar mota har Garwa, kuma da gwiwoyinsa suka hana shi zuwa wasa sai ya aika aka kira ni ya ce in ɗauka. A jikin babban taransifomansa akwai lamba da ta fara da 606, alamar cewa kamfanin Schumacher ne ya naɗa shi, sai 4 ta biyo baya, wadda a wannan samfuri take nufin 1974. Kawu yakan yi dariya ya ce amfilin da layin dogon Ngaundere sa'o'in juna ne, domin a shekarar ne jirgi ya fara isa garin.

Ba ni da abin da zan ce game da muryarsa sai yabo. Wat 100 ne, da sifika biyu masu faɗin inci 12, da kwalaben lantarki masu ƙara ƙarfin sauti irin na tsohuwar rediyo, manya huɗu samfurin 6L6 da ƙanana shida, kuma ko a filin biki mai cike da jama'a gita takan fito tas ba tare da ta dishe ba. Abin da ya dame ni shi ne nauyi. Na taɓa ɗora shi a sikelin wani mai awon gyaɗa, allura ta tsaya a kilo 33, kuma duk nauyin nan a mariƙi ɗaya yake rataye. 'Yan acaba da suka san ni sun kai ga kawar da kai idan suka hango ni a ƙofar gida da shi, wanda ya yarda kuma sai ya ninka kuɗi. Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi ta farko ɓata mini rai. A irin wannan ƙira kwalaben suna rataye ne kai ƙasa kamar jemagu, tazarar ɗan yatsa kaɗan daga bayan sifikun, saboda haka duk lokacin da na ƙure murya girgizar takan shiga cikinsu kai tsaye. Bayan wani biki da muka yi a Pitowa ɗaya daga cikin ƙananan ta fara wani ƙara kamar ana kaɗa cokali a kofin gilashi, kuma samun madadinta a Garwa sai da ya ci mini wata biyu.

Wani abokin wasana ya ba ni shawarar in sa zarto in yanke saman akwatin, in mayar da shi kai, wato ƙaramin akwati mai ɗauke da kayan lantarkin kaɗai, ƙasan kuma ya zama akwatin sifika. Da na kai wa Kawu maganar sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, na ba ka, naka ne. Amma kada ka ƙara wa akwatin nan ko huda ɗaya. Ranar da ka gaji da dabararka, ina so ƙarfen ya koma gidansa kamar bai taɓa fita ba." Na ce, "To, Kawu, in sha Allahu." Wannan sharaɗi shi ya tsara duk aikin da ya biyo baya, kuma daga baya na fahimci cewa ko ta fuskar kuɗi gaskiyarsa ce, domin amfilin da aka yanke wa akwati ya rasa darajarsa a wurin masu neman tsofaffin kaya. Tunanin raba shi ma ba sabo ba ne, tunda Fender da kansa ya fitar da Dual Showman Reverb, wanda kusan Twin Reverb ne da aka sa a akwatinsa daban ba tare da sifika ba.

Ban taɓa komai ba sai da na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan babbar kasuwa, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka koyi aiki tun zamanin kwalba. Kwandon ƙarfen da ke ɗauke da wayoyi da kwalabe da taransifoma, wanda masu gyara ke kira shasi, yana rataye ne a rufin akwatin da dogayen noti huɗu da suka ratso ta cikin wasu siraran ƙarafa biyu da ke kwance a sama. Malam ya cire kwalaben ɗaya bayan ɗaya, yana naɗe kowace a jarida yana rubuta lambar gurbinta, sannan ya sa ni na tallafe shasin ta ƙasa yayin da yake kwance notin. Da ya fito, na kai hannu zan share ƙurar da ke ciki, sai ya buge mini hannu kamar yadda ake yi wa yaro. Ya ce a cikin nan akwai wuta da ke kai wa bolt 450, ninki biyu na wadda ke soket ɗin gida, kuma manyan kwandansan da ke ƙarƙashin murfin ƙarfe suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. Ya ɗauko wata waya mai rezista a tsakiya ya zubar da wutar a jikin shasi, ya auna da mita har allura ta kwanta, sannan ya ce in share. A zaman nan ne ya sauya tsohuwar wayar wuta mai baki biyu da mai baki uku, ya kuma duba maɓallin zaɓen ƙarfin wuta da ke baya, domin namu irin wanda aka yi don fitarwa ƙasashen waje ne, ya tabbatar yana kan 220.

Ya kuma ja mini kunne a kan notin nan huɗu. Zarensu na Amurka ne, na ma'aunin inci, kasuwarmu kuwa ta milimita ce, don haka idan ɗaya ya ɓace zan sha yawo kafin in sami wanda zai hau. Na zuba su a gwangwanin tumatir na rufe da tsumma na ba mahaifiyata ajiya, domin na san halina.

A lokacin ina ɗaukan aikin a matsayin na kafinta kawai, wato a auna ƙarfe a yi masa akwati daidai jikinsa, kuma har na zana wani siriri mai tsayin santimita 26 saboda ya yi mini kyau a ido. Malam ne ya rushe zanen. A ƙasan tsohon akwatin akwai wani kwanon ƙarfe dogo, kusan santimita 43, a cikin jakar leda, wanda ke ɗauke da sifirin ɗin da ke ba gita amsa-kuwwar nan da aka san Fender da ita. A tsohon gidansa kwanon yana can ƙasa, nesa da komai, amma a ƙaramin akwati dole ya kwanta a ƙarƙashin babban taransifoma, wanda ke watsa maganaɗisu a kewayensa, shi kuwa bakin kwanon da sauti ke fita yana da wani ɗan naɗin waya da ke tsintar wannan maganaɗisu ya mai da shi gurnani.

Gani ya kori ji. Malam ya jera tubalan katako a gefe biyu na teburinsa, ya ɗora shasin a kansu kwalabe suna kallon ƙasa, ya rufe buɗaɗɗen samansa da falanki don kada hannun kowa ya faɗa ciki, ya haɗa sifikun tsohon akwatin da doguwar waya, ya kunna, ya murɗa maɓallin amsa-kuwwa kusan ƙarshe. Sai ya ce in tura kwanon a ƙarƙashi a hankali. Tun kafin ya shige duka shagon ya cika da wani kauri-kaurin gurnani irin na tsohon firji, har mai shayin da ke ƙofa ya leƙo. Malam ya ce in juya kwanon, bakin fitar sautin ya koma ɓangaren ƙananan kwalabe, wato can wajen ramukan da ake sa wayar gita, nesa da babban taransifoma. Ina juyawa gurnanin ya ragu da fiye da rabi. Daga nan muka riƙa ƙara falanki mai kaurin santimita biyu a ƙarƙashin tubalan, muna ɗaga shasin muna saurare, na farko, na biyu, na uku, har sai da na kara kunne a jikin sifika kafin in ji wani abu. Muka auna daga teburi zuwa saman shasi muka sami santimita 29. Idan aka haɗa da kaurin rufi da na ƙasa, tsayin akwatin ya zama 33, kuma wannan lamba kunne ne ya ba da ita. Siririn akwatin da na zana ya tafi kwandon shara.

Katako na saya a watan Oktoba, damina tana ƙarewa. Tsofaffin akwatunan Fender da katakon fain aka yi su, mai sauƙi, mu kuwa abin da ya fi kusa da shi a nan shi ne farin katakon da ake kira ayus, wanda 'yan Najeriya ke cewa obeche, ana kawo shi daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru. Mai sayarwa ya so ya tura mini iroko, yana cewa ko jikana zai gada, amma iroko ya kusa ninka ayus nauyi, ni kuma gudun nauyi ne ya kawo ni. Na ɗauki dogon falanki ɗaya na kai wa wani kafinta a unguwarmu wanda tun muna yara muke ce masa Baba. Ya ɗaga shi, ya shinshina, ya kara a kumatunsa, ya ce da sauran ruwa a jikinsa, ba zai taɓa shi ba sai hunturu ya busa. Na ce, "Baba, ina da wasanni a watan gobe." Ya ce, "Ka je da tsohon, ai shekara hamsin yana zuwa. Sauri ya haifi nawa." Ya yanka falankin gida shida, ya jera a inuwar rumfarsa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya ɗora dutse a kai. Da muka sauke su a ƙarshen Disamba, biyu sun lanƙwashe kamar kwale-kwale, ɗaya daga cikinsu ma ya tsage a baki. Huɗun da suka rage su muke bukata, kuma na gane dalilin da ya sa ya yanka shida.

Aka kai su injin goga aka mayar da kaurinsu santimita biyu, kusa da na asali wanda yake kashi uku cikin huɗu na inci. Kaurin rufin ba abin wasa ba ne, domin dogayen notin nan sai sun ratsa shi, su ratsa shasin, sannan a sami sauran zare da za a ɗaure ta ƙasa. Faɗin cikin akwatin daga jikin shasin muka ɗauka, wanda ya ɗan haura santimita 60, muka ƙara milimita uku kawai don ledar da za ta naɗo ta ciki. Fuskar shasin ba a miƙe take ba, ta ɗan kwanta baya don makaɗi ya ga maɓallai yana tsaye, saboda haka maimakon mu yi ta lissafin kusurwa sai Baba ya kara kwali a gefen tsohon akwatin ya zana, ya yanke da almakashi. Haka ya yi wa ramukan noti: ya shimfiɗa takardar buhun siminti a saman tsohon akwatin, ya daidaita ta da bakin gaba, ya goga fensir a kai har ramukan huɗu suka fito, ya rubuta "gaba" da "sama" a jikinta don kada a kifa ta.

A kusurwoyin mun yi haɗin yatsu, wato a yanka bakin kowane falanki haƙora-haƙora su shiga juna kamar an sarƙe yatsun hannu biyu. Haka Fender yake yi a shekarun farko kafin ya koma haɗi mai sauƙi a farkon shekarun 1970, kuma ga akwatin da za a rataya wa ƙarfe mai nauyi a rufinsa a kuma ɗauke shi ta rufin, ban ga haɗin da ya fi shi ba, domin ƙusa a bakin ayus ba ta da riƙo. Baba ba shi da injin yanka irin wannan haɗi, da ƙaramin zarto da kurfi ya yi, kwana biyu yana kai. Na zauna ina kallonsa yana yanka a gefen layin fensir ba a kansa ba, yana barin layin a jikin haƙorin, sannan ya feƙe da kurfi kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har sai falankin ya shiga da bugun tafin hannu ba tare da guduma ba. Aka shafa farin gam, aka matse da ƙarafan matsi, aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu har suka yi daidai, aka bar shi kwana ɗaya. Bayan nan aka zagaye bakunan da samfefa, aka shafe ciki da waje da maganin ƙwari, domin ayus abincin gara ne da ƙwaron da ke mai da katako gari.

Mariƙi ya ba mu aiki fiye da yadda na zata. Na so a sa shi a tsakiya, amma da muka ɗaura shasin na gwaji muka ɗora akwatin a kan sandar tsintsiya, sai ya rinjaya ɓangaren babban taransifoma, kuma sai da muka matsar da sandar kusan yatsu uku kafin ya tsaya. A nan muka sa mariƙin. Ga wanda ya lura zai ga ya ɗan karkace daga tsakiya, amma akwatin yana tafiya a miƙe a hannu, ba ya dukan ƙafa. Tunda katakon mai laushi ne ba mu dogara da sukuru ba, noti muka sa ya ratsa, da ɗan farantin ƙarfe ta ciki. A nan akwai haɗarin da mai aikin katako ba lallai ya hango ba: buɗaɗɗen ɓangaren shasin, inda duk wayoyin suke, rufin akwatin ne murfinsa, don haka duk notin da ya leƙo ta ciki cikin wuta mai bolt 450 ya leƙa. Baba ya fafe wa farantin gurbi ya nutse a cikin katakon, muka yanke abin da ya yi saura na notin muka goge shi ya yi daidai da fuskar falanki. A kan wannan muka shimfiɗa ragar alminiyom irin ta tagar sauro muka kafe ta, kamar yadda na gani a rufin tsohon akwatin, domin idan ta taɓa bakin shasin tana zama garkuwa da ke hana wayoyin tsintar hayaniyar fitilu da sauran kayan wuta.

Ledar da Fender ke rufe akwatunansa da ita, wadda ake kira Tolex, ba a samunta a nan, sai na je layin masu ɗinkin kujerun mota na zaɓi baƙa mai ɗan kaushi, mara soso a baya. Da gam ɗin masu takalma muka manna, irin wanda ake shafa wa ɓangarori biyu a jira ya sha iska. A hunturun Garwa ba ya jira, kafin ka gama shafa wa gefe ɗaya farkonsa ya bushe, don haka muka koma yin aikin bayan sallar asuba, gefe ɗaya-ɗaya. Kusurwoyi su ne wurin da ake gane gwani: a ja ledar ta hau kan 'yar'uwarta, a yanka su tare da sabuwar reza a karkace, a cire rarar, bakunan su haɗu. Ta farko da na yi da hannuna ta buɗe har farin katako yana leƙowa, na cike da baƙin fenti, ƙarfen kusurwa kuma ya rufa mini asiri. Sauran na bar wa Baba. Aka sa ƙafafun roba masu tsayi, domin akwatin zai zauna a saman tsohon, dole ya tsallake mariƙin da ke can. Kwanon sifirin ya koma cikin jakarsa, buɗaɗɗen gefensa yana kallon ƙasa a kan kwali kamar yadda yake a da, aka kafe jakar ba tare da an matse kwanon ba.

Kuskurena a gaban akwatin na yi shi. Ƙarƙashin maɓallai akwai fili mai faɗi, na rufe shi da falanki sukutum na lulluɓe da yadi mai ruwan azurfa, bayan kuma na sa wani falankin da ya rufe fiye da rabi don kada yara su kai hannu. Ya yi kyau ƙwarai, kuma a Janairu da Fabrairu na yi wasa huɗu da shi lafiya. Sai Afrilu ta zo. Wanda ya san Garwa ya san yadda kwarin Binuwai yake a wannan wata, zafi yana haura digiri 40 kuma ko da dare ƙasa ba ta hucewa. A wani biki a garin Gidar, bayan kamar awa biyu muna kaɗawa, na ɗora hannu a saman akwatin zan gyara maɓalli na janye da sauri, fuskar ƙarfen ta yi zafin da ba a iya riƙewa, ledar rufin ta kumbura ta saki a bakin baya, ga warin gam yana tashi. Na kashe, na ari amfilin mai gita ta biyu na ƙarasa daren ina jin kunya.

Da na mayar wa Malam bai yi mini faɗa ba, takarda ya ɗauko. Kowace 6L6 tana cin amfiya 0.9 a bolt 6.3 don ɗumama zarenta kawai, ƙananan shida kowace 0.3, jimla kusan wat 34 ke nan tun ba a taɓa gita ba, kuma idan aka haɗa da abin da manyan kwalaben ke ƙonawa suna zaune, zafin ya kai na ƙwan fitila mai wat 100 irin na da. Ya ce, "Ka kunna irin wannan ƙwai ka rufe a akwati, me kake jira?" Tunda kwalaben a ƙasa suke shasin a sama, duk zafin cikin kwandansa da wayoyi yake hawa. A tsohon akwatin bayan a buɗe yake, ga fili mai yawa, sifikun ma suna kaɗa iska idan suna aiki, ni kuwa na cire duk wannan ban maye shi da komai ba. Ya auna kwandansan ya ce sun tsira, amma kada in sake.

Baba ya fafe tsakiyar falankin gaba ya bar firam kawai, muka kafa ragar ƙarfe mai manyan idanu, muka mayar da yadin azurfar a kai, don haka daga waje ba a ganin bambanci amma iska tana shiga. A baya muka cire babban falankin muka sa siriri a ƙasa wanda ke tare kwanon sifirin, sauran muka rufe da raga. Na ƙara da ƙaramar fanka mai aiki da 220 a ɓangaren manyan kwalabe tana jan iska waje, da filoginta daban don kada a taɓa wayoyin shasin, kuma na nisanta ta da bakin fitar sautin kwanon, tunda ita ma tana da naɗin waya. Ledar da ta saki aka ɗaga aka kankare tsohon gam aka sake mannawa. A watan Mayu na yi wasan awa uku a Yelwa, rufin ya yi ɗumi kamar bayan akuya, bai wuce haka ba.

Tsohon akwatin ya zama na sifika ba tare da an huda shi ba. Gurbin da shasin ya bari na toshe da falanki mai baƙar leda, wanda ke rataye da sababbin noti ta ramukan nan huɗu na asali. Wayar sifika kuwa na yi tunani a kanta sosai. Amfili mai kwalba ba a kunna shi ba tare da sifika ba, domin taransifoman da ke fitar da sauti yana iya ƙonewa, kuma shi ne abin da ya fi komai wuyar samu. Ramin sifika na Fender yana da ɗan harshe da ke rufe hanya idan ba a sa komai ba, wanda ke ba da kariya, amma idan aka sa waya a kai aka manta ɗaya bakin yana lilo, kariyar ta tafi. Saboda haka ban yi wa akwatin sifikar rami ba. Na sa Malam ya haɗa waya mai jijiya biyu, mai kauri irin ta wutar gida, kai tsaye a jikin sifikun, aka ɗaure ta da sukurun da ke riƙe falankin baya, ya zama baki ɗaya kawai ake sawa ana cirewa. Wayar gita ba ta wannan aiki, jijiyarta siririya ce. Tsohuwar gajerar wayar na naɗe na sa a gwangwanin da notin suka zauna. Sifikun biyu kowace om 8 ce (om shi ne ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfili), a haɗe gefe da gefe sun zama 4, kuma na rubuta "4 om" da farin fenti a bayan sabon akwatin, saboda abokan wasa masu son ara su haɗa da duk abin da suka samu.

Na koma wurin mai awon gyaɗa. Kan ya yi kilo 18, akwatin sifika 21, wato jimla ta fi ta da da kilo shida, abin da ya ba mai sikelin dariya har ya ce na biya kuɗi an ƙara mini kaya. Amma kowanne ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, kan yana zama a cinyata a bayan babur inda jikina ke shanye girgizar hanya, sifikun kuma suna bin motar kayan ganga. A wurin wasa nakan shimfiɗa soso tsakaninsu, ko in ajiye kan a kujera gefe, kuma tun daga lokacin ƙarar cokali a kofi ba ta dawo ba.

Bayan sallar layya na ɗauki duka biyun na kai wa Kawu. Bai ce in kunna ba. Ya sa aka kwantar masa da tsohon akwatin a tabarma, ya sa tabarau, ya bi rufinsa da gefunansa da tafin hannu yana ƙirga ramuka, ya leƙa ciki da tocila. Sannan ya tambayi inda tsohuwar wayar sifika take, na ce tana gwangwani a ɗakin Inna. Ya ce in kawo masa gwangwanin ya ajiye da kansa.